Rajagopalachari: Gwamna-Janar na ƙarshe a Indiya da darussan riƙon amana da ya tsamo daga Ramayana da Mahabharata

A watan Afrilun 1954, wani dattijo mai shekara 75 ya bar kujerar babban ministan jihar Madras da ke kudancin Indiya, bayan 'yan jam'iyyarsa sun juya masa baya a kan wani tsarin ilimi da ya ƙaddamar ba tare da ya shawarci majalisa ba. Shekara huɗu kafin nan, babu mai muƙamin da ya kai nasa a duk faɗin ƙasar, domin shi ne Gwamna-Janar da ya gaji Bature na ƙarshe a fadar Delhi. Makonni kaɗan da saukarsa, sai mujallar Kalki mai fitowa mako-mako cikin harshen Tamil ta fara buga wani labari da yake rubutawa, labarin yariman da aka shirya naɗa shi sarauta da safe, amma kafin gari ya waye aka ce ya tafi daji shekara goma sha huɗu.

Sunan dattijon Chakravarti Rajagopalachari, mutanen Indiya kuwa Rajaji suke ce masa. Ya yi lauya, ya sha ɗauri, ya mulki lardi, ya riƙe ma'aikatar cikin gida, ya kuma kafa jam'iyyar adawa yana da shekara 80. Duk da haka, da ya zo lissafin abin da ya yi wa jama'arsa, ya bayyana cewa a ganinsa babu aikin da ya fi sake ba da labarin Ramayana da Mahabharata cikin harshen da talaka zai fahimta.

Asali da tasowa

An haife shi ranar 10 ga Disamba, 1878, a ƙauyen Thorapalli da ke gundumar Salem ta wancan lokaci, a gidan Brahmin, wato ajin malamai a tsarin bambancin asali na mabiya addinin Hindu. Mahaifinsa shi ne mai kula da al'amuran ƙauyen a madadin hukuma. Rajaji ya tashi ba mai ƙoshin lafiya ba, kuma raunin ido ya sa ya rayu cikin baƙin tabarau wanda daga baya ya zama alamarsa. Ya yi karatu a Kwalejin Central da ke Bangalore, ya karanta shari'a a Madras, sannan ya fara aikin lauya a garin Salem a 1900. Cikin 'yan shekaru ya yi suna, kuɗi kuma suka shigo.

Matarsa Alamelu ta rasu tun yana da shekara talatin da 'yan kai, ta bar masa 'ya'ya biyar, kuma bai sake aure ba. A 1917 aka zaɓe shi shugaban majalisar garin Salem, inda ya fara fito-na-fito da masu ganin cewa 'yan Dalit, waɗanda al'ada ta ɗauka ƙasƙantattu har ake ƙyamar taɓa su, bai kamata su kusanci ayyukan jama'a ba. 'Yan'uwansa Brahmin da dama suka ƙaurace masa a kan haka.

Haɗuwa da Gandhi

A farkon 1919 ya koma birnin Madras da zama, kuma a watan Maris na shekarar Mahatma Gandhi ya sauka a gidansa. Rajaji mutum ne mai ja da baya a taro, har Gandhi bai lura da shi sosai ba. Sakataren Gandhi, Mahadev Desai, shi ne ya ja hankalin maigidansa cewa wannan mai masauki ba na yarwa ba ne. A gidan ne tunanin kiran yajin aiki na ƙasa baki ɗaya don adawa da dokar Rowlatt, wadda ta ba Turawa damar tsare mutum ba shari'a, ya zo wa Gandhi. Amintakar da ta fara a nan ta kai Gandhi yana kallonsa a matsayin mai tsare masa zuciya daga kuskure. Daga baya zumunci ya ƙara ƙulluwa, domin a 1933 'yarsa Lakshmi ta auri Devdas, autan Gandhi, bayan iyayen biyu sun sa su jira shekara biyar don a gwada gaskiyar ƙaunarsu.

Rajaji ya ajiye aikin lauya mai tsoka ya shiga gwagwarmayar ƙin haɗa kai da Turawa. A ƙarshen 1921 aka ɗaure shi wata uku a kurkukun Vellore. A littafin da yake rubuta abubuwan yau da kullum a can, ya yi wani hasashe da ake yawan tunawa da shi. Ya hango cewa da zarar an sami 'yanci, maguɗin zaɓe da zaluncin masu kuɗi da lalacewar aikin gwamnati za su addabi jama'a, har wasu su riƙa begen zamanin Turawa. Maganin da ya gani shi ne ilimin da zai tarbiyyantar da yaro a kan gaskiya da tsoron Ubangiji tun yana ƙarami. Ya rubuta haka saura shekara ashirin da biyar a sami 'yancin.

A 1925 ya kafa wata cibiya kusa da Tiruchengode, yana koya wa ƙauyawa kaɗi da saƙa, yana kuma yaƙi da shan giya. A watan Afrilun 1930, lokacin da Gandhi ya yi tattakin karya dokar harajin gishiri a yammacin ƙasar, Rajaji ya jagoranci irinsa a kudu, daga Tiruchirappalli zuwa gaɓar tekun Vedaranyam, tafiyar kusan kilomita 240 a ƙasa. Hukuma ta yi barazanar ɗaure duk wanda ya ciyar da matafiyan, amma mutanen ƙauyuka suka yi kunnen uwar shegu. An kama shi a bakin teku, aka yanke masa wata shida.

Ɗanɗanon mulki na farko

Bayan zaɓen 1937, jam'iyyar Congress ta kafa gwamnati a lardin Madras, Rajaji ya zama firimiya. Cikin shekara biyu da 'yan watanni ya yi dokar rage wa manoma nauyin bashi, ya haramta sayar da giya yana farawa da gundumarsa ta Salem, ya kuma ƙirƙiro harajin cinikayya a 1939 don cike giɓin kuɗin shigar da haramcin ya jawo. A shekarar ce kuma gwamnatinsa ta yi dokar da ta ba da kariya ga buɗe wuraren ibadar Hindu ga 'yan Dalit, bayan wasu daga cikinsu sun shiga babban wurin ibada na Meenakshi da ke Madurai.

A nan ne kuma aibinsa ya fara fitowa fili. A 1938 ya wajabta koyar da harshen Hindi a makarantu 125 na lardin da mafi yawan mutanensa Tamil da Telugu suke ji. Tsohon abokinsa E. V. Ramasamy, wanda aka fi sani da Periyar, ya jagoranci zanga-zanga. Aka kama mutum sama da dubu, biyu suka mutu a tsare, kuma Rajaji ya yi amfani da irin dokokin da jam'iyyarsa ta daɗe tana zagin Turawa a kansu. Gwamnatin ta yi murabus a watan Oktoban 1939, tare da sauran gwamnatocin Congress, saboda Birtaniya ta jefa Indiya cikin Yaƙin Duniya na Biyu ba da shawarar 'yan ƙasa ba.

Shekarar da ya tsaya shi kaɗai

A 1942, sojojin Japan sun ci Singafo da Bama, kuma ana fargabar su sauka a gaɓar Madras. Gandhi da shugabannin Congress suka yanke shawarar tayar da gangamin korar Turawa nan take. Rajaji ya ƙi. A ganinsa, barin ƙasa ba hukuma alhali maƙiyi na bakin ƙofa ganganci ne, kuma babu yadda za a kafa gwamnatin haɗin kai sai an sasanta da jam'iyyar Muslim League ta Muhammad Ali Jinnah, ko da hakan na nufin amincewa da haƙƙin yankunan da Musulmi suka fi yawa na su ware idan sun so. Kwamitin ƙoli na jam'iyya ya yi watsi da shawararsa da gagarumin rinjaye. Aka yi masa ihu a taruka, aka kira shi maci amana, ya fice daga jam'iyyar da ya yi wa hidima shekara ashirin da wani abu.

Shawarar tasa, ta a yi ƙuri'ar raba-gardama a gundumomin da Musulmi suka rinjaya, ita ce aka ɗora tattaunawar Gandhi da Jinnah a kanta a Bombay a watan Satumban 1944. Tattaunawar ta watse. Shekara uku bayan haka aka raba ƙasar gida biyu cikin gaggawa, dubban ɗaruruwan mutane suka hallaka, miliyoyi suka yi gudun hijira. Abin da aka zage shi a kansa a 1942, shi jam'iyyar ta sa wa hannu a 1947.

Mashawarcin da ya faɗa da dattijon da ya yi shiru

A shekarun 1940 ɗin nan ne ya rubuta Mahabharata cikin Tamil mai sauƙi, da sunan Vyasar Virundhu. Asalin littafin waƙa ce ta harshen Sanskrit mai baiti kusan dubu ɗari, ana jingina ta ga wani malami mai suna Vyasa. Tana ba da labarin rikicin gadon sarautar Hastinapura tsakanin 'yan'uwa biyar da ake kira Pandava da 'ya'yan baffansu su ɗari da ake kira Kaurava. Kalmar da komai ke zagayawa a kanta ita ce dharma, wato abin da ya wajaba a kan mutum gwargwadon matsayinsa da halin da ya sami kansa. Rajaji ya tsinke labarin zuwa gajerun babi sama da ɗari, yana sa baki jefi-jefi don nuna wa mai karatu inda darasi yake.

Wanda ya san fadar masu mulki zai gane mutanen labarin. Akwai Dhritarashtra, makahon sarki da ya san ɗansa Duryodhana azzalumi ne, amma son ɗa ya ɗaure masa hannu. Akwai Vidura, ƙanen sarkin ta wajen uba, wanda baiwa ce ta haife shi, don haka ba shi da rabo a sarauta sai waziranci. Vidura ya gargaɗi sarki kada a gayyaci Yudhishthira, babban 'yan Pandava, zuwa cacar da aka shirya don a cuce shi. Ya kuma ba da shawarar a mayar wa 'yan'uwan haƙƙinsu. Sarki ya fusata ya kore shi, daga baya ya aika aka dawo da shi, domin ya san ba shi da mai gaya masa gaskiya sai shi. Vidura ya dawo bai sauya magana ba.

A wajen cacar, Yudhishthira ya yi asarar dukiyarsa da ƙasarsa da ƙannensa da kansa, sannan ya sa matarsu Draupadi. Aka jawo ta da gashin kai zuwa tsakiyar fada ana neman tuɓe ta. Ta tambayi dattawan da ke zaune ko mutumin da ya riga ya rasa 'yancin kansa yana da ikon sa wani a caca. Bhishma, kakan gidan, jarumin da babu mai iya ja da shi, ya fake da cewa al'amarin dharma yana da wuyar ganewa. Ya taɓa rantsuwa zai tsare gadon sarautar Hastinapura ko wa ke kai, sai rantsuwar ta zame masa takunkumi. Drona, malamin yaƙi, shi ma ya yi gum, domin abincin fadar yake ci. Vidura da wani matashi cikin 'yan Kaurava mai suna Vikarna ne kawai suka ɗaga murya.

Abin da ya biyo bayan wannan shiru shi ne gudun hijirar shekara goma sha uku, sannan yaƙin kwana goma sha takwas a filin Kurukshetra, bayan Duryodhana ya ƙi ba da ko da ƙauyuka biyar don a zauna lafiya. Bhishma ya jagoranci rundunar da ya san ba ta da gaskiya, ya faɗi a rana ta goma, ya kwanta a kan kibau yana jiran ajali. A wannan kwanciya ce ya koya wa Yudhishthira hikimar mulki, hikimar da ta gagare shi furtawa ranar da kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya hana yaƙin.

Labarin bai wanke masu nasara ba. Don a karya zuciyar Drona, aka kashe wata giwa mai suna irin na ɗansa, Ashwatthama, aka nemi Yudhishthira, wanda ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ya shaida cewa Ashwatthama ya mutu. Ya faɗa da ƙarfi, ya ƙara ambaton giwa a hankali yadda ba za a ji ba. Almarar ta ce keken dokinsa da a da yake tafiya bai taɓa ƙasa ba, nan take ya sauko ya dira kamar na kowa. Duk ma'aikacin da ya taɓa tsara takardar da kowane layinta gaskiya ne amma manufarta ruɗi, ya san irin wannan sauka.

A cikin Mahabharata ne kuma Bhagavad Gita take, baiti 700 na tattaunawa tsakanin jarumi Arjuna, wanda gwiwarsa ta yi sanyi a bakin daga, da Krishna, wanda mabiya Hindu suka yi imani bayyanar ubangijinsu Vishnu ne. Jigon koyarwar shi ne mutum ya yi aikin da ya hau kansa da kyau, ba tare da ya rataya zuciyarsa a kan ribar da zai samu ba. Rajaji ya yi wa wannan littafi sharhi na daban, kamar yadda ya yi rubutu a kan Upanishad da Tirukkural na Tamil, har da Socrates da Marcus Aurelius.

Baƙo a fadar ɗaki 340

Ya koma Congress kafin 'yanci, ya shiga gwamnatin riƙon ƙwarya ta 1946. A watan Agustan 1947 aka naɗa shi gwamnan Bengal ta Yamma, inda wasu suka tarbe shi da baƙaƙen tutoci saboda matsayinsa kan raba ƙasa. Ranar 21 ga Yuni, 1948, ya gaji Lord Mountbatten a matsayin Gwamna-Janar. Shi kaɗai ne ɗan Indiya da ya taɓa riƙe muƙamin, domin an soke shi ranar 26 ga Janairu, 1950, da ƙasar ta zama jamhuriya.

Fadar da ya shiga a Delhi tana da ɗakuna 340. Ya ga sashen da Turawa masu mulki suke kwana ya yi masa girma, sai ya koma sashen baƙi, ya bar babban sashen don saukar shugabannin ƙasashen waje. Shugabannin Indiya da suka biyo baya suka ɗore a kan haka. Jawaharlal Nehru ya so ya zama shugaban ƙasa na farko, amma 'yan jam'iyya ba su manta da 1942 ba, suka fi son Rajendra Prasad. Rajaji ya janye. Bayan rasuwar Vallabhbhai Patel a Disamban 1950 ya karɓi ma'aikatar cikin gida, ya yi kusan wata goma, ya ajiye ya koma Madras.

Kuskuren 1953

Zaɓen 1952 bai ba Congress rinjaye a Madras ba. Aka roƙe shi ya dawo, gwamna ya naɗa shi ɗan majalisar dattawan jihar ba tare da ya tsaya zaɓe ba, abin da ya jawo suka mai yawa. Ya soke tsarin rabon abinci da ƙayyade farashin hatsi da aka gada daga lokacin yaƙi. A zamaninsa ne kuma Potti Sriramulu ya mutu bayan yajin cin abinci na neman jihar masu jin Telugu, aka ƙirƙiro jihar Andhra a Oktoban 1953, Rajaji ya tsaya kai da fata cewa birnin Madras ba zai bi ta ba.

Abin da ya kayar da shi shi ne tsarin firamare na 1953. Da yake azuzuwa da malamai sun yi kaɗan, ya raba yinin makarantun karkara gida biyu, yara su yi rabin yini a aji, sauran rabin su koyi sana'ar iyayensu. A ƙasar da asalin haihuwa ke yanke wa mutum sana'a, ma'anar haka a wurin talaka ita ce ɗan wanzami ya dawwama a wanzanci, ɗan mai shara a shara, kuma Brahmin ne ya kawo tsarin. Bai kai maganar gaban majalisa ba kafin ya zartar, da aka yi ƙorafi kuma ya ƙi ja da baya. Mutumin da ya rubuta labarin Vidura ya rasa kunnen sauraron nasa masu gargaɗin. K. Kamaraj ya gaje shi a 1954, ya soke tsarin. A shekarar ce aka ba Rajaji lambar Bharat Ratna, mafi girma a ƙasar, cikin mutum uku na farko da suka samu.

Takalma a kan gadon sarauta

Ramayana, wadda ake jingina wa Valmiki, baiti kusan dubu ashirin da huɗu ce. Rajaji ya kira tasa Chakravarthi Thirumagan, aka buga ta a Kalki daga 1954 zuwa 1955, ta kuma ci kyautar hukumar adabi ta Sahitya Akademi a 1958. Cibiyar Bharatiya Vidya Bhavan ta fitar da Mahabharata tasa cikin Ingilishi a 1951, Ramayana kuma a 1957, kuma har yau ana sake buga su.

Masifar gidan Dasharatha, sarkin Ayodhya, daga bakin hadima ta fara. Sarauniya Kaikeyi ta yi murna da jin za a naɗa Rama, ɗan kishiyarta, har ta ba da tukuici. Kuyangarta Manthara ce ta zauna ta hure mata kunne cewa ita da ɗanta Bharata za su zama bayi. Kaikeyi ta tuna wa sarki alkawura biyu da ya taɓa yi mata, ta nemi a naɗa Bharata, a tura Rama daji shekara goma sha huɗu. Rama ya tafi don kada maganar mahaifinsa ta faɗi ƙasa, baƙin ciki kuma ya kashe sarki.

Bharata yana garin kawunnansa lokacin da aka yi haka. Da ya dawo ya tarar da gadon sarauta na jiransa, sai ya yi tir da mahaifiyarsa, ya bi yayansa har Chitrakuta yana roƙon ya dawo. Da Rama ya ƙi, Bharata ya karɓo takalmansa, ya ɗora su a kan gadon sarauta, ya tare a ƙauyen Nandigrama yana gudanar da mulki da sunan mai takalman. Da wa'adi ya cika ya miƙa ƙasar, baitulmalinta ya fi yadda ya same shi. Ga masu riƙe da kujera a madadin wani, ko dukiyar da ba tasu ba, da wuya a sami misalin amana da ya fi wannan fitowa sarari.

A fadar Ravana, sarkin Lanka da ya sace Sita matar Rama, ƙannensa biyu ne suka gaya masa ya yi kuskure. Kumbhakarna ya faɗa, sannan ya fita ya yi yaƙi dominsa ya mutu. Vibhishana ya faɗa, aka wulaƙanta shi, ya tsallaka wurin Rama. Har yau mutanen Indiya na gardama a kan wanda ya fi gaskiya a cikinsu. Hanuman kuwa shi ne manzon da aka aika neman Sita. Ya tsallake teku, ya same ta, ya miƙa mata zoben Rama don ta gaskata shi, ya dawo da shaida daga hannunta, ya ba da rahoton abin da idonsa ya gani.

Rajaji mai tsananin ƙaunar Rama ne, amma bai ɓoye wuraren da labarin ke da nauyi ba. Ya tsaya ya tattauna kisan da Rama ya yi wa Vali daga maɓoya, bai nuna cewa abu ne mai sauƙin karewa ba. Ya kuma rufe littafinsa da naɗin Rama, ya bar kashin ƙarshe da aka ce Rama ya kori Sita saboda tsegumin gari, yana bayyana irin ciwon da wannan kashi ke sa masa.

Adawa a shekara tamanin

A 1959, bayan Congress ta amince da tsarin noman haɗin gwiwa a taronta na Nagpur, Rajaji ya kafa jam'iyyar Swatantra tare da Minoo Masani da N. G. Ranga. Shi ne ya laƙaba wa tsarin tattalin arzikin Nehru sunan mulkin lasisi da takardar izini. A tsarin, ɗan kasuwa ba ya kafa masana'anta, ko ƙara yawan abin da yake sarrafawa, ko shigo da inji, sai da sa hannun jami'in gwamnati. Hujjarsa ita ce duk inda aka tara irin wannan iko a teburin ma'aikaci, an buɗe kasuwar cin hanci, kuma jam'iyya mai mulki za ta riƙa tatsar masu neman lasisi. Swatantra ta ci kujeru 18 a majalisar wakilai a 1962, sannan 44 a 1967, ta zama babbar jam'iyyar adawa. Ta wargaje a 1974, amma a 1991 gwamnatin Narasimha Rao ta rushe mafi yawan tsarin lasisin.

A 1962, yana da shekara 83, ya je Amurka ya gana da Shugaba John F. Kennedy, yana roƙon a daina gwajin makaman nukiliya. Mutumin da ya wajabta Hindi a 1938 ya koma cikin masu adawa da ƙaƙaba shi a kan mutanen kudu. A 1967 ya haɗa kai da jam'iyyar DMK ta C. N. Annadurai suka kayar da Congress a Madras, kuma tun daga lokacin ba ta sake kafa gwamnati a jihar ba. A 1971, da gwamnatin M. Karunanidhi ta shirya ɗage haramcin giya, tsohon ya tafi gidan babban ministan cikin ruwan sama ya roƙe shi ya fasa. Ba a saurare shi ba.

Ya rasu a asibitin gwamnati na Madras ranar 25 ga Disamba, 1972, yana da shekara 94. Cikin waɗanda suka raka gawarsa har da Periyar, wanda suka shafe shekaru fiye da talatin suna adawa a fagen siyasa ba tare da zumuncinsu ya yanke ba. An kawo shi a keken guragu, shi ma ya haura shekara casa'in, kuma shekara guda bayan haka ya bi abokinsa.